Ƙwan Marainiya

Wai yanzu akwati ne ke kwanci. Jikata ce ta shigo mini da shi ɗaki kwanan baya, wani farin abu mai murfin gilashi da igiyar wuta a gindi, ta ce in matsa mata wuri don ɗakina ya fi samun wutar sola. Ta jera ƙwai a ciki, ta rufe, ta danna wani wuri ya yi ƙara, ta karkaɗe hannu ta ce shi ke nan, sai a saurari 'yan tsaki. Na ce, "Ke, ina uwar?" Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Hajiya, an daina yayin uwa, shi ne uwar." To, madalla. Shi ke juya ƙwan da kansa, shi ke auna zafi, in ruwan cikinsa ya ƙare ya yi ta tsuwa sai an zuba masa. Ba ya cin dusa, ba ya tsoron shaho, ba ya saran hannun kowa. Ni ban ce abin bai yi ba, wallahi ya yi. Amma tun da aka ajiye shi a nan, in na idar da salla ina jan carbi sai in tsinci kaina na zuba masa ido, zuciyata kuwa tana can wani ɗakin ƙasa da ya daɗe da rushewa, shekarar da ni ma na zama uwar ƙwai ba don na iya ba.

Ni 'yar birni ce, 'yar mahauta. A gidanmu kaza ba ta kwana; in ta shigo da hantsi, kafin la'asar tana tukunya. Na iya figa, na iya gyara, na san inda matsarmama take don kada a fasa ta, amma yadda ɗan tsako ke fitowa daga ƙwai ban taɓa gani ba, ban ma taɓa tambaya ba. Aure ya kai ni wani ƙauye arewa da Minjibir inda babana ke zuwa sayen dabbobi. Ƙasa ce da gona ke manne da gona, ba ka samun wurin shimfiɗa tabarma da ba shi da mai shi, kana tsakar gidanku kana jin tarin mutumin gidan can. Matan garin sun sha ba ni labarin yadda kaka take a wurin, wai tun asuba lugude ke tashi gida-gida, wannan turmi na amsa wa wancan, 'yan mata na jefa taɓarya sama suna tafi kafin su cafe. Ni labari kawai na ji. Na tarar damina ta yi ƙarya bara, ta sake yi bana, gero ya fitar da kai ya bushe a tsaye, gyaɗa ko ƙasa ba ta rufe ba. Yaran yanzu sun ɗauka yunwa a ciki take farawa. Ina! A kunne take farawa. Turmi ne ke fara yin shiru, yau gida ɗaya, gobe gida biyu, sai a wayi gari duk unguwa ba ka jin komai sai guga tana bugun ƙasan rijiya, da kurciya a kan gawo.

A gidan akwai Malam, surukina, mai karantar da yaran gari a zaure, mutum ne da ba ya magana biyu. Akwai Inna, surukata, gajeriya mai kaifin baki da taushin zuciya, wadda ba ta kirana sai da Amarya, in kuma na yi mata shirme ta ce 'yar birni. Sai maigidana, sai wansa da muke kira Yaya. Ban daɗe da tarewa ba matar Yaya ta rasu wajen haihuwa, ita da abin cikin, ta bar yarinya da ba ta daɗe da yaye ba, ana kiranta Marka don a tsakiyar damina aka haife ta, can lokacin da ake damina. Da aka share makoki Malam ya zauna ya raba abin da marigayiya ta bari, wanda duka-duka bai cika tabarma ba: tukwane, zannuwa, taskira, da wata kaza wake-wake. Kowa aka ba shi nasa, kaza ta faɗo a rabon Marka. Yarinyar kuwa kamar ta sani, duk inda kazar ta yi tana biye tana cewa "kazata, kazata," ko kora ba ta yarda a yi mata.

Da rumbu ya kai ƙasa, Yaya ya bi ayarin maza zuwa kudu neman abin da za a ci, aka bar maigidana saboda tsofaffi. Ranar tafiyar ya durƙusa gaban Malam a zaure, sannan ya shigo cikin gida ya ɗauki Marka ya cilla ta sama ya cafe, ya dire ta a gabana.

"Amarya, ga 'yarki nan," in ji shi. "Da ruwa ya sauka ina tafe."

Daga ranar a bayana take yini, a shimfiɗata take kwana.

Abin da muka ci a wannan rani, in na faɗa wa jikokina sai su ce tatsuniya nake yi musu. Dusar da a da ake zuba wa awaki ita muke tankaɗewa mu dama kunu. Yaɗiya, busasshiyar tafasa, garin ɗorawa, goruba, har gidan tururuwa an haƙa don hatsin da suka tara wa kansu. Awaki an sayar, tumaki an sayar, kajin unguwa kuwa waɗanda annoba ta bari wuƙa ta ɗauke, saura zakara ɗaya na maƙwabtanmu wanda tsufa da rama suka cece shi. Kazar Marka ce kaɗai ke yawo a tsakar gidanmu. Kowa na ganinta, kowa na haɗiye yawu, ba mai taɓa ta, don Malam ya riga ya yanke. Ya ce dukiyar marainiya ce, amana ce a wuyansa, babu babban da zai kai ta baki a gidan nan muddin yana numfashi.

Ana cikin haka kaza ta fara saka. Wata safiya na ji ta tana ƙyarƙyara a ɗakin Inna, na leƙa na ga ƙwai ɗaya a bayan randa, fari tas. Washegari wani, jibi wani. A daidai wannan lokaci ne kuma Marka ta daina bin kazarta. Inda na ajiye ta nan zan dawo in same ta. Gashinta ya yi ja, ya yi laushi, yana zubewa a hannuna in ina tsefe mata. Ƙafafunta suka fara kumbura, in ka danna da yatsa sai gurbin ya tsaya. Malam ya yi rubutu aka ba ta, Inna ta jiƙa saiwoyi. Wasu mata suka ce maraici ne, wasu suka ce uwarta ce ke kiranta. Ba wanda ya ce yunwa ce, don ai tana shan kunu kamar kowa, har ma ta fi kowa samu, ga shi kuma jiki cikowa yake yi ba ramewa ba.

Da ƙwai ya haura goma, wata la'asar maigidana ya tsuguna a ƙofar ɗakin Inna ya ce a ba shi ya kai kasuwa a sayo tsakin hatsi. Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Tsakin da bai cika tafin hannu ba? Mu lashe yau, gobe fa? A bar mata ta kwanta. Kafin kaka sun zama kaji, a musanya su da akuya, yarinya ta samu nono, ta samu abin kai wa ɗakin miji. Ni da kake gani, da kaza ɗaya uwata ta fara mini, da saniya aka kawo ni gidan nan."

"Inna, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

"A bakin wa? Naka?"

Ya sunkuyar da kai, don ya san hukuncin Malam. Ni ina gefe da Marka a cinya, ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba. Na ce, "Inna, ko a riƙa dafa wa ita mai abin, ɗaya-ɗaya?"

Inna ta dafe ƙirji ta yi salati. "Ƙwai? Yarinya? Ke 'yar birni, a gidanku haka ake yi? Yaron da ya san daɗin ƙwai ai ɓarawo ne. Yau gurbin gida, gobe gurbin maƙwabta, jibi ba a san inda hannu zai tsaya ba. Uwarta ta mutu, ubanta ba ya nan, sannan a ce a hannuna ta lalace? Allah ya sawwaƙe."

Malam yana jin mu daga zaure. Ya leƙo ya ce, ita dai halalinta ne, in ta ci babu laifi a kanta, amma abin da ya shafi renon yaro mu mata muka sani. Ya koma. Gaskiyar magana kuwa, a gidanmu ma ba haka ake yi ba. Ni ma da wannan maganar na taso, ban taɓa ganin an miƙa wa yaro ƙwai ba ko a birni, kuma amarya ba ta ja-in-ja da suruka. Ka ga ke nan manya an hana mu da hukunci, yarinya an hana ta da al'ada, ya zama ba wanda zai taɓa ƙwan nan sai kaza. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, duk cikinsu babu wanda ba don son Marka ya faɗi abin da ya faɗa ba.

Inna ta ce tun da ni ke riƙon yarinya, ni zan riƙi dukiyarta. Ranar farko na fara da abin kunya. Na ga ƙwan duk kashin kaza, na ɗebo ruwa a moɗa, ruwan da sai an yi rabin yini a bakin rijiya ake samu, na zauna ina wankewa ina jin ni mai tsafta ce. Na wanke biyu sai na ji ihu a kaina. "Wayyo ni, 'yar birni za ta kashe ni! Wa ya ce miki ana yi wa ƙwai wanka? Kai shi ɗakin miji za ki yi?" Ta fizge moɗar. Ta ce ƙwai da rigarsa yake zuwa, wadda ido ba ya gani, in ka wanke ka tsiraita shi, sai ya zama bara-gurbi, wato wanda kaza za ta tashi ta bari ya ruɓe. Sannan ta zaunar da ni. Ta nuna mini yadda ake dunƙule hannu a kan ƙwai a ɗaga shi saitin rana a duba ko da tsaga. Ta sa na ɗauko gawayi na ja wa kowanne layi a gefe ɗaya, don a gane in kaza tana juya su. Muka gyara gurbi a nan gindin randa inda ƙasa ke da laima, don a irin wannan zafi in ƙwai ya bushe ɗan tsako manne wa ɓawo yake yi ya mutu a ciki. Muka zuba yashi, muka barbaɗa toka da ganyen taba saboda ƙuma, muka shimfiɗa ƙaiƙayi. Kaza ta zo ta dudduba, ta gyara da baki, ta baje a kai. Na kai hannu in gyara mata wani da ya leƙo waje, ta kai mini sara a bayan hannu har jini. Na yi tsalle na buge moɗa. Marka da ke kwance a tabarma ta ƙyalƙyale da dariya, har Inna ma sai da ta dara.

Mai kwanci sai an ciyar da ita, dusa kuwa ta zama ta mutane. Inna ta koya mini tarkon gara. A samu tsohuwar tukunya a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife a bakin suri da yamma, da hantsi a je a ɗauko ta cike da gara. Kullum sai in ɗaga kazar daga gurbi, tana kumbura tana gunaguni, in juye mata, ta ci, ta sha, ta yi birgima a ƙasa, ta koma da gudu kamar wadda ta bar tuwo a wuta. Bayan 'yan kwanaki Inna ta ɗauko ƙwai ɗaya ta ɗaga saitin rana ta ce in leƙa. Na ga jajayen jijiyoyi sun bazu kamar saiwar ciyawa, da wani baƙin ɗigo a tsakiya yana motsi. Tsigar jikina ta tashi, na ce Allahu akbar. Inna ta ce, "Ya kama. Daga yau ba ƙwai ba ne, ba kuma tsako ba ne, sai haƙuri." Na yi murna ranar kamar an yi mini albishir da Makka. Ban lura ba cewa daga wannan rana ko an so a dafa wa Marka, babu sauran abin dafawa.

Yanzu fa? Ƙwai a kiret-kiret a kowane kanti, mai shayi na fasa shi kamar da gayya, yaro na tafiya makaranta da dafaffe a aljihu. Jikokina in ba a soya musu ba sai su ƙi karyawa, har da kumbura baki. Na zuba ido shekara da shekaru, ban ga sun fi na da ɗauke-ɗauke ba. Ɓarayin da na sani a rayuwata duk manya ne masu manyan riguna, kuma ba ƙwai ne ya lalata su ba. Amma a wancan zamani in tsohuwa ta ce abu, ya zauna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, haka aka rene mu, kuma sau da yawa gaskiya ne. Wannan karon ne dai bai zama gaskiya ba.

Kaza na kwance, Marka na ƙara nauyi a bayana, nauyin ruwa ba na ƙiba ba. Kumburin ya hau ciki, ya hau fuska, har idanunta suka koma 'yan tsaga. Fatar ƙafarta ta fara saɓulewa. Ta daina karɓar kunu, in na matsa mata ta kawar da kai ba tare da kuka ba, rashin kukan nan kuwa ya fi komai tsorata ni. Kullum Inna na cewa saura kaɗan, saura kaɗan, ban san ko da kazar take ba ko da yarinyar. Wata ranar kasuwa maigidana ya dawo hannu wofi, ya tsaya ya daɗe yana kallon 'yar wansa, sai ya wuce zaure. Na ji shi yana cewa, "Baba, a yanka kazar nan a yi mata romo. In ba haka ba, me za mu ce wa Yaya?"

Suka shigo cikin gida tare, Inna ta ce a dakata. Ta ɗebo ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta zaro ƙwai daga ƙarƙashin kaza ta saka a hankali. Ya taso sama, ya tsaya, sai ya fara rawa shi kaɗai, ruwan na motsi. Ta saka wani, shi ma haka. Ta ɗago kai hawaye na bin kumatunta.

"Malam, da ransu. Ƙiris ya rage."

Malam ya dubi ƙwarya, ya dubi tabarmar da Marka ke kwance. Ya ce, "Dukiya don mai ita aka yi ta. A yanka."

Da maigidana ya ɗaga ta daga gurbi ko fuffuka ba ta yi ba, kwanci ya cinye ta, ba nauyi sai gashi. Ni na fige ta. Kajin da na fige a gidanmu ba sa ƙirguwa, amma ban taɓa yi wa kaza kuka ba sai wannan. Aka dafa, ƙamshi ya cika gida har maƙwabta, ba wanda ya ɗanɗana ko gishirinsa. Na tallafo kan Marka na kai mata ludayi. Ta kurɓa kaɗan, ta sake kurɓa, sai ta dawo da shi duka. Inna ta tauna tsoka ta sa mata a baki, ta riƙe a kunci ba ta haɗiye ba. Cikin ya riga ya manta da abinci. Da ta buɗe ido sai ta ce mini, "Amarya, ina kazata?" Na ce ta tafi kiwo.

Ƙwai kuwa na can a gurbi yana hucewa. Inna ta share hawaye da bakin zane ta ce, "Tashi, ke ce uwarsu yanzu." Ta kwance audugar kaɗinta ta shimfiɗa a babbar ƙwarya, muka haɗa da gashin ƙirjin kazar da na fige, muka jera ƙwan muka lulluɓe, muka rufe da faifai. Ta ce awon zafin yana jikina: in ɗora ƙwai a kan fatar idona, in na ji shi kamar ɗumin hammata to daidai ne, in ya fi haka na dafa su, in ya gaza na kashe su. Bazara ce, da rana zafin ɗaki kaɗai ya isa, har sai na jiƙa tsumma na shimfiɗa a kan faifan don kada su bushe. Da sanyin asuba kuma in ɗumama yashi a kasko in zuba a ƙarƙashin ƙwaryar, wani lokaci in rungume ta a cikina in lulluɓa da zane. Ga Marka a dama, ga ƙwarya a hagu, in taɓa goshin wannan in taɓa ɓawon wancan. Ban iya ba, tsoro nake ji, kowane motsi sai na kira Inna, ita kuwa ta ce, "Kaza ma ba a makaranta ta koya ba, yi ta yi."

Wani hantsi na ɗaga faifai sai na ji wata 'yar tsuwa siririya, na duba ban ga komai ba. Ashe daga cikin ƙwai take fitowa. Na ɗauko shi na kara a kunnen Marka. Ta kasa kunne, sai na ga kumburarren bakin nan ya motsa, tana son yin murmushi. Can sai ɓawo ya tsage, ɗan baki ya leƙo. Ya yi ta fama, ya huta, ya sake, har na ƙosa na kai farce zan ɓare masa. Inna ta buge mini hannu. Ta ce wanda aka ɓare wa jini yake zubarwa ya mutu, a bar shi ya sha wuyarsa. Sai bayan azahar ya fito, jiƙaƙƙe, mummuna, wuya kamar zare, ya kife a auduga kamar matacce. Kafin la'asar ya bushe ya zama wani ɗan dunƙulen gashi mai idanu. Na ɗora shi a tafin hannun Marka na riƙe mata hannun don ba ta iya ɗagawa.

"Nawa ne?" ta ce.

"Naki ne. Duk na cikin ƙwaryar nan naki ne."

Washegari da azahar Marka ta cika, a cinyata, sauran 'yan tsakin suna tsakiyar fitowa. Mata suka cika ɗaki ana salati, daga lungu kuma 'yan tsaki na ta tsuwa ba su san abin da ake ciki ba. Wata maƙwabciya ta tashi za ta fitar da ƙwaryar, Inna ta ce a bar su, ɗakin uwar ɗakinsu ne. Sauran naman da muka yi ta ɗumamawa Malam ya sa aka kai wa wata mai jego sadaka. Biyun da na wanke ba su ƙyanƙyashe ba, sai wani guda da ya mutu a ɓawo. Sauran duk sun fito.

Malam ya ce yanzu sun zama hakkin ubanta, a kula da su har ya dawo. Na ci gaba da kai tukunya bakin suri, ina kife su da kwando in shaho na shawagi, ina kwana da su a ƙwarya. Wallahi wani lokaci ko ganinsu ba na son yi, amma in ɗaya ya yi nisa sai gabana ya faɗi. Sun ɗauke ni uwa, duk inda na sa ƙafa suna biye, har bakin rijiya. Suna fara fitar da gashin fuffuke hadari ya haɗu a gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta yi wannan ƙamshin da muka manta. Maza suka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Yaya ya iso wata la'asar da buhun garin rogo a ka. Tun a bakin gari aka tare shi da ta'aziyya, don haka da ya shigo bai tambayi kowa komai ba. Ya sauke buhu, ya zauna a ƙasa a tsakar gida. Daga aljihunsa wasu 'yan takalman roba ja suka leƙo, ya mayar da su ciki. Malam ya fito, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan Malam ya ce in kawo kwandon. Na kawo na ajiye a gaban Yaya, suna ta tsalle a ciki.

"Ga abin da ta bari," in ji Malam. "Amana ce, ga ta mun mayar maka. A gidan nan babu wanda ya ci ko ƙwayar abin da yake nata."

Inna ta shiga ba shi labari tana kuka, yadda kaza ta yi ta saka a bayan randa, yadda aka yanka ta a ƙarshe, yadda Amarya 'yar birni ta ƙyanƙyashe su a ƙwarya ba uwa. Yaya na saurare kansa a ƙasa. Ya tambayi yadda ciwon ya kasance, Inna ta faɗa masa, kumburin, da jan gashin, da saɓulewar fata. Sai na ga ya ɗago. Ya ce a garin da ya yi dako akwai wani asibiti kusa da inda suke kwana, ya ga ana kawo yara masu irin wannan kumburi daga arewa, wasu ko ido ba sa buɗewa. Ya ce ba wata allura ake yi musu ba, madara ce da dafaffen ƙwai ake murje musu kaɗan-kaɗan, kafin wata ya zagayo sai ka gan su suna guje-guje a bakin titi. Ya ce duk lokacin da ya gan su sai ya gode wa Allah, don ya san ya bar tasa da kaza, ba za ta rasa ƙwai ba.

Ya juya wajen mahaifinsa, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa yi wa tambaya ido cikin ido ba, ya yi magana a hankali.

"Baba, a cikin ƙwan nan duka, ko ɗaya an dafa mata?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Malam, wanda mutane ke tahowa daga garuruwa da tambaya su koma da amsa, ya dubi ƙasa.

"A'a, ɗana," ya ce. "Adana mata muka yi."